Shekarar da Igiya ta Shiga Gonar Kaka

Ni ban iya dogon sharar fage ba, kowa a gidanmu ya sani, don haka bari in faɗi abin da ya zaunar da ni rubuta wannan babi. Ranar sunan ɗan Yaya Nasiru na ji wata yarinya cikinku, ba zan kama suna ba, tana nuna ni da leɓe tana ce wa 'yar'uwarta, "Ga Gwaggo Luba can, wadda ta yanka gonar Kaka." Ban yi fushi da ita ba, abin da ta tsinta a tsakar gida ta maimaita. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Igiyar awo ta shiga gonar nan, ni ce kuma na jawo ta. Sai dai an ba ku wutsiyar zance an ɓoye kansa. Farkon maganar ba gona ba ce. Farkonta ledar fiya wata ce da ƙwallon mangwaro a ciki.

Babana ya rasu ban san fuskarsa sosai ba, kuma ni kaɗai ya bari. Inna ta dawo da ni Tambuwal kusa da wanta, Kawu Aminu, a nan na tashi. Ƙauyenmu na asali yana can ƙasar Kebbe, inda Baffa Sahabi, wan Babana, yake riƙe da gida da gonar da Kaka ya bari. Ba a taɓa raba ta ba. Duk kaka sai a sauke mana buhunan gero a ƙofar gida a ce, "Saƙon Baffa ne." Da geron nan na girma, ban taɓa musun wannan ba, kuma ku ma kada ku manta da shi in kuna karanta sauran.

Ina aji biyar a makarantar kwana ta 'yan mata aka kafa mana kulob ɗin kare muhalli. Shekarar da ta gabace ta damina ta yi mana wasa da hankali. Ruwa ya ƙi sauka har mutane suka yi shuka ta ƙone, da ya tashi zuwa kuma ya zo da iskar da ta yaye rufin ɗakin kwananmu ta jefar bayan katanga. Malamarmu ta ilimin ƙasa, Malama Hauwa, ta tara mu manya ta ce yanayi ne yake sauyawa, kuma ba a Turai kaɗai ba, har a bayan ɗakin uwar kowa. Ta ce ita ba za ta koya wa ƙananan komai ba, mu za mu koya musu, domin yaro yana jin malami a aji ne kawai, siniya kuwa yana jin ta har bakin famfo. Aka ba kowace siniya 'yan aji ɗaya 'yan kaɗan, su zama 'ya'yan ɗakinta. Muna tsince ledojin fiya wata da suka cika makarantar, mu cika su da ƙasa da taki, mu saka iri: mangwaro, dogon yaro, zogale, gwaiba. Ruwan alwala ba a zubar da shi, a bokiti ake tarawa a kai wa renon itatuwan. Ni dai na ɗauki abin da zafi, kamar yadda nake ɗaukar komai. Wadda ta bar nata ya bushe ba na dukanta, amma sai ta gwammace dukan.

Cikin 'ya'yan ɗakina akwai Dije. Na san ta tun kafin makaranta, domin 'yar rugar bayan ƙauyenmu ce, ɗiyar Malam Buba, wanda matarsa take kawo nono gidan Baffa duk lokacin da na je hutu. Yarinya ce siririya mai bakin tsiya, ba ta tsoron siniya ko kaɗan. Ranar farko da na zana musu yadda saiwar itace take riƙe ƙasa, ita ce ta ɗaga hannu.

"Anti Luba, to in ramin ya riga ya fara cin gona fa? Namu kullum damina sai ya ƙara baki, kamar kura."

"Sai ki toshe masa bakin da itace."

"Zai ji?"

"In bai ji ba ki kawo mini ƙararsa."

Ta yi dariya har da buga cinya. Daga ranar ta zama jelata. Ta raɗa wa kowace leda suna. Akwai wani mangwaro da ya yi jinkirin tsiro, ta sa masa Malalaci, kullum da safe sai na ji ta tana masa faɗa. Da na ce ta daina shirme sai ta ce ai shanunsu ma duk da suna ake kiransu, kuma suna amsawa.

Da babban hutu ya zo, damina ta kankama, Malama ta ce kowace yarinya ta tafi da renonta gida ta dasa, mu manya mu bi su mu duba. Ni na tsaya gaban asambili na faɗa da bakina: "Kowa ta dasa a gonarsu." Gonarsu. Kalmar nan ba ta yi mini nauyi a baki ba ko kaɗan. Dije ta jera nata cikin tsohon baho, ta ɗora a cinya bayan ɗan acaɓa, ta ce in na zo zan tarar Malalaci ya fi ni tsawo.

Sai da gero ya kai ƙugu na samu Inna ta bar ni na tafi. Wanda ya san hanyar Kebbe da damina ya san ba a isa da tsabta. Na sauka da hantsi, taɓo har gwiwa, ban ko shiga gida ba na zarce gonar Malam Buba. Haka kowa yake kiranta, gonar Buba, tun ina jin magana. Tun daga nesa na hango mutane a bakin kwazazzabon da ruwa ya haƙa, na ce a raina lallai yarinyar nan ta tara 'yan kallo. Da na matso sai na ja na tsaya.

Baffa ne a tsaye da sandarsa. 'Ya'yansa, Yaya Nasiru da ƙaninsa, suna duƙe suna tumɓuke dashen ɗaya bayan ɗaya. Ba jifa suke yi da su ba, jera su suke yi a kan hanya, saiwa sama, a tsanake, kamar masu shanya kifi. Wannan tsanakin ya fi komai daskarar da ni. Dije ta rungume wani ɗan mangwaro da ƙasarsa a ƙirji, rigarta duk laka, muryarta ta dushe don ihu. Mahaifiyarta tana gefe ta rufe baki da gefen zane.

Ban gaishe da Baffa ba. Wannan ma yana cikin abin da ake ba ku labari, kuma gaskiya ne.

"Baffa, mene ne haka? Me itatuwan suka yi?"

Ya juyo ya dube ni tun daga taɓon ƙafata har ɗankwalina.

"A'a, 'yan boko an iso. Ke kinka ba ta?"

"Ni na ba ta. Aikin makaranta ne. Ramin nan cinye gonar yake yi, ba ka gani?"

"Ina gani, ba makaho ni ke ba. Amma ba a dasa icce ga gonar aro."

Na tsaya ina jiran sauran maganar, domin ban gane ba. Dije ce ta riga ni.

"Aro? Wace gonar?"

"Wagga da kike tsaye kai, ɗiyata. Tambayi innarki."

Dije ta juya ga uwarta. Uwar ba ta ɗago ba. Na sha ganin mutum ya ji mutuwa, amma ban taɓa ganin fuska ta zube irin ta yarinyar nan ba. A bukkar da ke gefen gonar aka haife ta. A nan aka haifi ubanta. Kabarin kakanta yana ƙarƙashin wata tsamiya da muke hangowa daga inda muke tsaye. Ta ce, a hankali wannan karon, "Inna, ba tamu ba ce?" Uwar ta ce da Baffa, ba da ita ba:

"Alhaji, ni nac ce ta dasa. Na ga daga hannun ɗiyar gidanku yaf fito, nac ce ai izini na. Malam ba shi nan, yana wurin shanu. Da yana nan da bai bari ba."

Baffa ya ce, "To in ya dawo ki faɗa mai, shi cire amfaninshi na bana lafiya lau, ba mai taɓa mai zangarniya guda. Amma in anka yi girbi, gona ta koma gida."

A ranar na san abin da kowane yaro a ƙauyen ya sani, ni da na yi shekara biyar ina haddace sunayen kogunan duniya ban sani ba. Kaka ne ya ara wa mahaifin Malam Buba wurin, lokacin da suka gaji da yawo suka nemi zama. Damin geron nan da nake ganin Malam Buba yana kawowa gidan Baffa duk kaka, a kansa, ba ya aiko yaro, ni na ɗauka zumunci ne. Ashe shaida ce. Yana nufin, na tuna ba tawa ba ce. Mai aro yana shuka abin da zai girbe ya tashi: gero, dawa, wake. Itace kuwa ba ya tashi. Wanda ya dasa itace ya ce ya zauna ke nan, shi da jikokinsa.

Da yamma na tsare Baffa a zaure. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai kore ni ba, ya ma yi mini bayani. Ya ce a wani ƙauye gaba da namu an yi haka: mai aro ya dasa mangwaro, masu gona suka yi kawaici, tsofaffin da suka san asali suka mutu, da rigima ta kai gaban alƙali aka tambayi shaidu wa ya dasa itatuwan, shi ke nan gona ta tafi. Ya ce fadamarmu ambaliya ta binne ta da yashi, 'ya'yansa sun girma, kowa yana son wurin noma. Na ce ai sai a cire itatuwan a bar mutane, tunda an riga an cire. Ya ce abin da ya faru sau ɗaya zai sake faruwa. Na ce yarinya ce, kuma ni na sa ta. A nan ya yi murmushin da har yau ban manta shi ba.

"Ke kinka sa ta. To ke wa? Kina da gona ne da za ki ba da izini?"

Malam Buba ya dawo bayan 'yan kwanaki, ya zo da liman da wasu dattawa biyu. Ina leƙe ta jikin zana. Malam Buba tsoho ne mai farin gemu, dogo, wanda ko a kasuwa ba ya sunkuyar da kai. Ya girmi Baffa nesa ba kusa ba, an ce shi ya koya masa kama ɗan maraƙi yana yaro, kuma duk rayuwata Sahabi nake jin yana kiransa. Ranar nan ya cire takalmi tun daga waje, ya ajiye sandarsa, ya tsuguna a ƙasa ba a kan tabarma ba, ya ce, "Maigida, mun yi kuskure." Maigida! Na toshe bakina da hannu. Liman ya yi magana, dattawa suka yi. Baffa ya saurare su duka, ya sa aka kawo musu fura, ya ce ya ji, amma magana tana nan yadda take. Malam Buba ya ce ya gode. Da zai fita na ji yana gaya wa liman cewa in an yi girbi za su gangara kudu wurin danginsu, can cikin daji. Ba wanda ya ambaci makarantar Dije. Ba sai an ambata ba.

Na koma Tambuwal da maganar Baffa tana yi mini amsa-kuwwa: kina da gona ne? A Islamiyya mun yi karatun gado, na ci jarrabawarsa ma, amma ban taɓa kawo kaina cikin lissafin ba. Kaka ya riga Babana rasuwa, ke nan Babana yana da rabo. Babana ya rasu ya bar ni, ke nan ina da rabo cikin nasa. Na tarar da Inna tana tankaɗe, ko mayafi ban cire ba na ce mata ina son a fitar mini da gadona.

Rariyar ta faɗi daga hannunta.

"Lubabatu, mi kika ce?"

"Gadona na gonar Kaka. Hakkina ne, Allah ya ba ni."

"Na san Allah ya ba ki. Tuwon da za ki ci yau wa yab ba ki? Garin ga da nika tankaɗe, daga ina yaf fito?"

Ta zaunar da ni ta yi mini magana irin wadda ba ta taɓa yi ba. Ta ce Baffa ya daɗe yana neman dalilin karɓar wurin nan, in ba itace ba da wani abu ne, wannan ta yarda. Amma gonar da ba a raba ba ita ce igiyar da ta ɗaure gidan. Ranar da aka raba ta kowa zai kama gabansa. Ta ce, "Shi na waliyyinki. Ranar aurenki wa za shi ba da ke? Kina son a ce ɗiyar Hajara ta kai baffanta ƙara tun ba ta gama makaranta ba? Ni za a zaga, ba ke ba." Na ce to in zuba ido a kori yarinyar da na miƙa wa baho da hannuna? Ta ce ba ni na kore ta ba. Na ce ban ce ni na kore ta ba, na ce ina da abin da zan tare, kuma zan tare. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai aike.

Kawu Aminu ne ya raka ni, yana tafe yana salati, yana cewa shi dai tela ne, me ya haɗa shi da gadon mutanen Kebbe. Ba kotu muka je ba, ku gyara wannan ma a cikin labarin da ake ba ku. Wurin maigari muka je, aka kira liman, aka kira Baffa. Da aka faɗa masa abin da ya kawo mu bai ɗaga murya ba. Ya dube ni, sannan ya ce da liman, "Hakkinta na. A ba ta." Ya tashi ya fita. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ban hango ba, kuma Inna ta hango, shi ne ba a fitar da rabon mutum ɗaya sai an san na kowa. Da labari ya kai wa gwaggonnina biyu a gidajen aurensu, su da suka yi shekaru suna karɓar ɗan abin da aka ba su suna godiya, sai ga su da mazajensu. Tunda za a auna, a auna duka. Bayan girbi aka shiga gonar da igiya, liman a gaba, maigari a baya, rabin ƙauyen a kan iyaka suna kallo. Na tsaya ina ganin ana kafa duwatsu a tsakiyar wurin da tun tasowata shimfiɗa ɗaya ce daga hanya har rafi. Baffa, wanda ya noma ta tun yana saurayi, ya tashi da abin da bai kai rabin abin da yake nomawa ba. Kafin wata damina Gwaggo ƙarama ta sayar da nata wa wani ɗan kasuwa da ko sunan Kaka bai sani ba. Wannan ya girgiza ni, kuma har yau in na wuce ta wurin ba na son duban gefen.

Da aka zo kaina na ce a ba ni bakin kwazazzabo, inda su Dije suke. Mutane suka yi dariya, wani ya ce boko ta cinye mata kai, wa yake zaɓar wurin da rami yake ci. Ba wanda ya yi mini gardama. Sai dai da aka ja igiyar, rabona bai rufe gonar Buba ba. Ya ɗauki bukkokin da ɗan abin da ke gabansu, ya tsaya. Tsamiyar da kabarin suna waje. Duk wannan ɓarnar, a kan ɗan wannan? Sai na ji murya daga bayan mata. Ban ma san Inna ta zo ba, ashe ta biyo motar kasuwa.

"Malam, ni ma ina da tumunin mijina ko? To a haɗa shi da na ɗiyag ga. A ja igiyar ta kai ga tsamiya."

Ba ta dube ni ba. A hanyar komawa, sai da muka kusa gida ta ce, "Ke dai kin iya jawo wa mutane aiki."

Kafin mu bar ƙauyen na ruga ruga, in ba ku dariya, domin da gudu na tafi kamar ƙaramar yarinya. Na tarar sun fara kwance bukka ɗaya, an ɗaure tukwane cikin raga. Na ce da Malam Buba su sauke kaya, wurin ya zama nawa, ba mai tashinsu. Ina jiran ya yi murna. Ya ci gaba da naɗe igiyar da ke hannunsa.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Amma aro dai aro na. Mai gona anka canja."

"Baba, ni ce fa. Ni zan kore ku?"

"Ke ba ki korar mu. Kakanki ma bai kore mu ba. Gobe ki yi aure, mijinki shi ga wurin. Jibi ki haifi ɗa, shi girma. Na tsuguna sau guda, gwiwata ba ta iya na biyu."

Na raba gidanmu, na jawo wa uwata magana, ashe duk abin da na yi shi ne na zama sabuwar Baffa. Dije tana tsaye bakin bukka. Bayanta na hango wani tsohon kwano, ga Malalaci a ciki, ta sake dasa shi tun ranar nan, tana shirin tafiya da shi kudu. Itace a kwano, don ba shi da ƙasar da zai tsaya. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba.

"To ba aro ba ne. Na ba Dije. Kyauta."

Sai a lokacin ya ajiye igiyar.

"Maganar yara ta, ko ta manya?"

"Ta manya."

"To ba a nan za ki faɗe ta ba. Ki faɗe ta gaban liman da maigari, da rana tsaka, innarki tana ji."

Na faɗa. Inna ta ce nata ma ya bi. Liman ya tambaye ni har sau uku ko an tilasta ni, na ce Malam, ka taɓa jin wanda ya tilasta ni wani abu? Har maigari sai da ya dara.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Gero bai sake sauka a ƙofarmu ba. Inna ta koma saye a kasuwa da kuɗin ƙosai, a shekarun da hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba, wanda ya fi gorin ciwo. Ranar aurena Baffa ya ce ba shi da lafiya, Yaya Nasiru ne ya ba da ni, shi da ya tumɓuke itatuwan da hannunsa. Har yau in na durƙusa na gaishe da Baffa yana amsawa, "Lafiya," ya tsaya a nan. Ba na so ku ƙi shi. Ya ciyar da ni, kuma tsoron da ya ji ba na banza ba ne. Ni ma ban ce ku yi abin da na yi ba. Na ce dai ku san abin da aka yi.

Da muka koma makaranta na ba Malama Hauwa labari, ta riƙe kai, domin ita ma 'yar birni ce, ba ta san dokar gonar aro ba. Muka bincika, ashe ba Dije kaɗai ba ce. Wasu yaran iyayensu sun karɓe renon sun zubar tun a ƙofar gida, suka hana su faɗa. Daga shekarar, kafin a koya wa yarinya cika leda, siniyarta sai ta tambaye ta: ina za ki dasa, kuma wurin na wa ne? Dije ce ta riƙe kulob ɗin bayan ta kai aji biyar. An ce ta fi ni faɗa.

Kakar da ta zagayo, wata ranar kasuwa, sai ga sallama a ƙofarmu a Tambuwal. Malam Buba ne, ya sauko daga bayan babur da damin gero, ya ɗora shi a ka, daga bakin titi har zaurenmu. Tun yana saurayi yake kai damin nan wani gida duk shekara, bana ya ɗaure shi ya rasa inda zai kai. Inna ta dube shi, ta dubi damin. Allah ya sani muna bukatarsa, a ranar ma awo muka yi. Na ga hannunta ya motsa. Na riga ta.

"Baba, mayar da shi."

"Ɗiyata, ba a mayar da hatsi."

"In na karɓa ya koma aro. Mayar da shi."

Ya tsaya da dami a ka, a tsakiyar zaure, yana dubana kamar yau ya fara ganina. Sannan ya juya a hankali, don kada zangarniya ta goga bango, ya fita da abinsa. Inna ta ce, "Ko ruwa ba ki bari ya sha ba, mara kunya." Ta bi shi da kwanon ruwa har titi.

Ramin bai daina ci gaba ɗaya ba, kada wani ya yi muku ƙarya, amma ta gefen da itatuwan suke ya ja baki. In kun je ƙauye hutu za ku ga layin dogon yaro a bakin kwazazzabo, da wani mangwaro gajere mai faɗi a tsakiya, wanda bai fara 'ya'ya ba sai da kowa ya fid da rai. Na san halinku da jifa. Kada wanda ya ɗaga dutse ya ce ai gonar Kaka ce. Ku je bakin bukka ku yi sallama, ku gaishe da mutanen gidan, ku roƙa. Ba namu ba ne.